Ƙonewar gaskit ɗin kan inji

Ƙonewar gaskit ɗin kan inji matsala ce da ke samun injin mota idan faifan da ke toshe tsakanin gangar inji da kansa ya tsage, ya cinye ko ya saki, har iskar ƙonewa, ruwan sanyaya inji da baƙin mai suka samu hanyar shiga inda ba nasu ba. Tana cikin gyare-gyaren mota masu cin kuɗi, ba don gaskit ɗin kansa yana da tsada ba, sai don dole a kwance kusan rabin inji kafin a kai gare shi. Alamominta kuma suna kama da na wasu matsaloli masu sauƙin gyara, shi ya sa ake bin gwaje-gwaje kafin a yanke hukunci.

Suna

Kalmar gaskit aro ce daga Turanci. A gareji an fi jin ana cewa "tof gaskit", domin makanikai a Najeriya suna kiran kan inji da "tof silinda". Ana cewa gaskit "ya ƙone" ko da ba a ga alamar ƙuna a jikinsa ba. Tsatsa ce ta cinye shi ko kusa ce ta saki, duk da wannan kalma ake faɗa.

Aikin gaskit

Injin mota yana da manyan sassa biyu. Gangar inji ita ce ke ɗauke da silinda da fistin, kan inji kuma shi ne murfin da ke ɗauke da bawul-bawul da fulogi. Hanyoyi iri uku ne ke ratsa mahaɗar su: ramukan silinda inda mai ke ƙonewa, hanyoyin ruwan da ke zagayawa zuwa lagireto, da hanyoyin baƙin mai. Gaskit ne ke raba ukun, alhali a wasu injuna tazarar da ke tsakanin silinda biyu ba ta wuce 'yan milimita ba.

Matsin da yake jurewa ba daidai yake ta kowane gefe ba. A cikin silinda, lokacin da mai ya kama, matsi kan haura bar 50 a injin fetur, a injin dizal na zamani kuwa yakan wuce bar 150. A hanyar ruwa matsin kusan bar 1 ne kawai. Wannan bambanci ne ke bayyana yawancin alamomin: idan inji na aiki, iskar ƙonewa ce ke kutsawa cikin ruwa, idan aka kashe shi, matsin silinda ya ɓace amma ruwan yana nan a matse na ɗan lokaci, sai shi kuma ya riƙa tsiyaya cikin silinda.

A da ana yin gaskit da asbestos, daga baya aka koma girafait da aka manna a kan faifan ƙarfe. Yawancin injunan yanzu suna amfani da gaskit na siraran faifan ƙarfe biyu zuwa biyar da aka jera, aka shafe su da roba mai jure zafi. Akwai kuma na jan ƙarfe, wanda aka fi gani a motocin tsere.

Abin da ke jawo ta

Babban dalili shi ne zafin inji fiye da kima. Kan inji na motocin zamani galibi na alminiyon ne, shi kuwa alminiyon yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi. Idan zafi ya yi yawa sai kan ya kumbura ya murƙushe gaskit ɗin, ko ya lanƙwashe, bayan ya huce kuma ba ya komawa daidai. Zafin kuwa daga wani wuri yake farawa: yoyon tiyo, toshewar lagireto, mutuwar fanka, lalacewar famfon ruwa, ko tamostat da ya maƙale a rufe.

Sauran dalilan sun haɗa da ƙonewar mai ba a kan lokaci ba, wadda ke sa inji ƙara kamar ana kaɗa ƙarfe, da ɗaure kusoshin kan inji ba bisa awo ba, da tsatsa. A Najeriya da maƙwabtanta direbobi da yawa suna zuba ruwa zalla a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji mai sinadari. Ruwa zalla ba ya hana tsatsa, yana kuma saurin tafasa: a tukunya yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selshiyos, haɗin rabi ruwa rabi gilaikol kuwa sai wajen digiri 107, idan yana matse ƙarƙashin murfin lagireto mai kyau yakan kai kusan 129.

Wasu injuna sun yi suna da wannan matsala saboda ƙirarsu, kamar EJ25 na Subaru da jerin K na Rover. A injin 2AZ-FE na Toyota Camry ƙirar 2002 zuwa 2006, wadda ta yawaita a titunan Najeriya, an san zaren da kusoshin kan inji ke kamawa a cikin gangar alminiyon yana iya cinyewa, sai gaskit ya saki ta bayan inji.

Alamomi

Alamar da ake gani ta dogara ne ga wurin da gaskit ya fashe.

Idan tsakanin silinda da hanyar ruwa ne, ruwan lagireto zai riƙa raguwa ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. Inji zai riƙa zafi, musamman a hawa ko da kaya, robar ajiyar ruwa ta cika ta yi ambaliya, tiyon sama na lagireto ya yi tauri jim kaɗan bayan an tayar da inji daga sanyi. Salansa kan fitar da farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa ko da inji ya ɗumama. Da safe inji kan tashi yana rawa na 'yan daƙiƙoƙi har sai ya ƙone ruwan da ya kwana a silinda. Ana yawan cewa hayaƙin yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, amma wannan ƙamshin gilaikol ne. Motar da ruwa zalla ke cikinta ba za ta yi shi ba.

Idan tsakanin hanyar ruwa da ta mai ne, baƙin mai zai koma kalar shayi mai madara, gejin mai ya nuna ya ƙaru maimakon ya ragu, ko a ga mai yana yawo a bakin lagireto. Idan tsakanin silinda biyu maƙwabta ne, inji zai rasa ƙarfi ya riƙa rawa a silo, amma ruwa da mai su kasance lafiya lau. Idan kuma ta waje ya fashe, za a ga sawun ruwa ko mai a gefen inji daidai layin mahaɗar.

Ke nan tsabtar baƙin mai ba ta wanke gaskit daga zargi. Wannan kuskure ne da ake yawan yi wajen sayen mota ta hannu: a zaro geji, a ga mai garau, a ɗauka an gama bincike.

Abubuwan da ke ruɗarwa

Farin tururi daga salansa da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu, raɓa ce da ta taru a bututu, kuma yana ɗaukewa cikin 'yan mintuna. Farin kitse a ƙarƙashin murfin zuba mai kan samu a motar da ba ta yin doguwar tafiya, domin inji ba ya yin zafin da zai kori danshi. Kumfa a lagireto na iya zama iskar da ta maƙale bayan an canza ruwa. Murfin lagireto da ya mutu, abu mai araha, yana iya sa ruwa ya tafasa ya zube kamar gaskit ne.

Cakuɗuwar mai da ruwa ma tana da wasu ƙofofi. Na'urar sanyaya baƙin mai tana iya fashewa ta ciki. A mota mai giya otomatik, man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto, idan ya huje sai ruwan ya koma ja-ja mai kauri. A wasu injuna ruwa yana ratsa gaskit ɗin bututun shigar iska, a dizal kuma na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa inji kan zubar da ruwa ta ba da farin hayaƙi. Tsagewar kan inji ko ta ganga ita ce ta fi wuyar rarrabewa, don kusan duk gwajin da ke kama gaskit yana kama ta. Sau da yawa sai an kwance ake sanin wanne ne.

Gwaje-gwaje

Ana farawa da inji a sanyaye. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, domin ruwan da ke matse yana iya feshowa ya ƙona fuska da hannu. A cika ruwa, a bar murfi a buɗe, a tayar da inji a duba: kumfar da ke fitowa a jere ba yankewa, tana ƙaruwa idan an taka totur, alama ce mai ƙarfi. Daga nan a kwance fulogai a jera su. Wanda ya fi sauran haske kamar an wanke shi, silindarsa ce ke shan ruwa, tururi ne ya goge shi. Motocin da ke da kwamfuta kan ajiye lambar matsala: P0300 na nufin inji na tsallake wuta, P0301 zuwa P0304 kuma suna nuna silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu. Lambar tana nuna inda za a duba ne kawai, ba ta faɗin dalili.

Gwajin sinadari shi ne mafi sauri. Ana ɗora wani bututu mai ɗauke da shuɗin ruwa a bakin lagireto, a zuƙo iskar da ke saman ruwan ta ratsa shi yayin da inji ke aiki da ɗuminsa. Sinadarin, wanda galibi buromotaimol ne, yana canza launi idan ya haɗu da iskar kabon dayoksaid: ya koma rawaya a injin fetur, ko kore a dizal. Dole a rage ruwan lagireto kaɗan tukuna, don idan ya shiga bututun ya ɓata gwajin. Canjin launi hujja ce cewa iskar ƙonewa na shiga ruwa. Rashin canji kuwa ba hujja ba ne, domin akwai fashewar da ba ta buɗewa sai mota na jan kaya, kuma gwajin ba ya ganin fashewar da ke tsakanin ruwa da mai ko tsakanin silinda biyu.

Gwajin matse hanyar ruwa ana yin sa da ɗan famfon hannu mai geji. Ana hura iska har matsin da aka rubuta a murfin lagireto, yawanci bar 0.9 zuwa 1.1, a sa ido. Idan allura na sauka kuma babu yoyo a waje, ruwan ciki yake tafiya. Wasu makanikai kan bar shi a matse na sa'o'i, sannan su leƙa ta ramin fulogi da ƙaramar kyamara su ga ko ruwa ya taru a kan fistin.

Gwajin matsin silinda kuma ana cire dukkan fulogai, a katse mai da wuta, a buɗe totur gaba ɗaya, a juya inji da geji a ramin kowace silinda. Abin dubawa shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Idan ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 akwai magana. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna gaskit ya fashe a tsakaninsu. Idan ɗaya ce, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake awo: matsi ya tashi, zoben fistin ne, bai tashi ba, bawul ne ko gaskit.

Wanda ya fi duka nuna wuri shi ne gwajin tsiyayar iska. Ana kawo fistin ƙololuwa lokacin da bawul-bawul ke rufe, a tura iska daga kwamfuresa ta ramin fulogi, a auna yawan da ke zurarewa, sannan a kasa kunne. Iska ta fito ta salansa, bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Ta fito ta wajen shigar iska, bawul ɗin shiga ne. Ta fito ta murfin zuba mai, zobe ne. Ta fito ta ramin fulogin maƙwabciya ko ta tayar da kumfa a lagireto, gaskit ne ko tsagewa. Zurarewar da ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba ana ɗaukarta lafiya, wadda ta wuce 30 kuwa matsala ce babba.

Haɗarin ci gaba da tuƙi

Ruwa ba ya matsuwa. Idan ya taru a silinda aka tayar da inji, fistin zai daki ruwan, sandar da ke haɗa shi da karanshaf ta lanƙwashe ko ta karye. Ruwan da ya shiga baƙin mai yana kashe santsinsa, sai faifan da karanshaf ke juyawa a kansu, waɗanda makanikai ke kira metal, su cinye, inji ya buga. Ruwan sanyaya inji da ke bi ta salansa kuma yana lalata na'urar auna iskar oksijin da matatar hayaƙi. Ruwan toshe yoyo da ake sayarwa a kwalba yakan riƙe ƙaramar fashewa na ɗan lokaci, amma yana iya toshe lagireto.

Bayan an kwance

Tsohon gaskit shaida ne, don haka ana duba shi kafin a jefar: baƙin sawu a zoben da ke kewaye da silinda yana nuna inda iska ta bi. Idan ba a ga komai a jikinsa ba, zargi ya koma kan tsagewa, sai a kai kan inji a gwada shi da matsi. Ana kuma ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa ta tsawo, ta faɗi da ta kusurwa, a zura siraran ma'auni a ƙarƙashi. A injuna da yawa masu kan alminiyon, lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, fiye da haka sai an fere fuskar a injin fira ko a canza kan.

Wajen mayarwa, ana ɗaure kusoshi da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki yadda kamfanin ya tsara. Kusoshin injuna da yawa na zamani suna miƙewa idan an ɗaure su, saboda haka sababbi ake sawa. Ana canza baƙin mai da matatarsa, a wanke hanyar ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale. Sannan a koma kan abin da ya fara kawo zafin, a gwada fanka, tamostat, famfon ruwa da murfin lagireto, domin idan ɗayansu ne ya ƙona tsohon gaskit, zai ƙona sabon ma.