Ciwon ƙugu: Yadda allurar kashe jijiya ke taimaka wa likita gano tushen ciwo

A garin Iware da ke kusa da Jalingo a Jihar Taraba, inda noma da kasuwar shanu ke ciyar da gidaje da dama, ƙugu shi ne jarin talaka. Manomin da ya wuni a sunkuye da ɗan dakon da ke sungumar buhu duk da shi suke nema, kuma ranar da ya riƙe, aiki ya tsaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma adadin zai iya kaiwa miliyan 843 nan da 2050. A kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, ba a iya nuna takamaiman abin da ya haddasa shi.

Dalili kuwa shi ne, ƙasan baya na da ƙasusuwa biyar a jere, da faifai a tsakaninsu, da ƙananan gaɓoɓi ta baya, da gaɓar da ta haɗa ƙashin baya da kwatangwalo. Kowanne na iya jawo ciwo iri ɗaya. Hoton MRI kan nuna lalacewa har a jikin wanda bai taɓa jin ciwo ba, don haka hoto kaɗai ba ya raba gardama.

A nan ne allurar gwaji ke shigowa. Majiyyaci zai kwanta rub-da-ciki, likita ya tsabtace fata, sannan ya shigar da siririyar allura yana bin ta da na'urar ɗaukar hoto har ta kai ga jijiyar da ke kai saƙon zafi daga gaɓar da ake zargi. Sai ya zuba ɗan maganin kashe zafi, kamar lidocaine ko bupivacaine, wanda sau da yawa bai wuce rabin mililita ba.

Daga nan za a nemi majiyyacin ya yi motsin da ya saba tayar masa da ciwon, ya kuma riƙa rubuta yadda yake ji na wasu sa'o'i. Idan ciwon ya ragu sosai, galibi da rabi zuwa kashi 80 cikin 100, alama ce an dace da wurin. Idan bai ragu ba, sai a nemi tushen a wani waje. Likitoci da yawa kan maimaita gwajin a wata rana, domin wani lokaci sa rai kaɗai kan sa mutum ya ji sauƙi.

Ya kamata a fahimci cewa sauƙin na ɗan lokaci ne, kuma dawowar ciwon bayan maganin ya sake ba ya nufin aikin ya gaza. Sakamakon ne zai nuna ko za a ƙona jijiyar da na'ura ta musamman, wanda kan ba da sauƙi na watanni shida zuwa shekara kafin ta sake tohowa.

Ba kowa ke bukatar allurar ba. Akasarin ciwon ƙugu kan lafa cikin makonni, kuma ana fara jarraba motsa jiki, gashin ƙashi da magungunan sha. Mai juna biyu, mai ciwon sukari da mai shan maganin tsinka jini dole su sanar da likita tun farko. Illolin sun haɗa da tsami a wurin allurar da mutuwar ƙafa na ɗan lokaci, sai zubar jini ko shigar ƙwayoyin cuta, waɗanda ba kasafai ake samu ba.

Wannan aiki ne na ƙwararren likita a asibiti mai kayan aiki, ba na mai kemis ko mai yawon allura a kasuwa ba. Mazaunin Iware zai iya fara ganin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo ko Asibitin Ƙwararru na jihar, inda za a duba shi, a tura shi gaba idan da bukata.

Amma wanda ciwon bayansa ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, raunin ƙafafu, zazzaɓi, zufar dare ko rama, kada ya jira komai. Waɗannan na iya zama alamun matsewar jijiyoyin laka ko tarin fuka na ƙashin baya, kuma jinkiri kan kai ga shanyewar ƙafafu.