Auren Jinsi da Rajistar Zaman Tare: Mene Ne Bambancinsu, Kuma Me Dokar Najeriya Ta Ce?

Yau za mu taɓo maganar da mutane da yawa ba sa son ko ambatonta, amma kullum tana yawo a wayoyinmu: auren jinsi, da abin da Turawa ke kira sibil yuniyan, wanda ni zan kira rajistar zaman tare. Daga Daura zuwa Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, da zarar an ce "auren jinsi" sai hankali ya tashi, a yi ta tura saƙo. To amma mu nawa ne muka san bambancin abubuwan biyu, da abin da doka ta ce a kansu?

Mu fara da abin da muka sani. A nan gida, ba a ɗaura aure sai da waliyyi, sadaki, shaidu da siga. Daga nan haƙƙoƙi ke biyowa: gado, ciyarwa, nasabar 'ya'ya, idda. A ƙasashen Turawa kuwa, takardar gwamnati ce ke buɗe ƙofar irin waɗannan haƙƙoƙi: gado, fanshon mamaci, sassaucin haraji, takardar zama a ƙasa, da ikon yanke shawara idan abokin zama yana kwance a asibiti. To da masu zaman jinsi ɗaya suka fara neman waɗannan haƙƙoƙi, sai wasu gwamnatoci suka ce: za mu yi muku rajista, mu ba ku wasu daga ciki, amma ba za mu kira shi aure ba. Wannan ita ce rajistar zaman tare.

Denmak ce ta fara, a 1989. Faransa ta kawo tata a 1999, kuma abin da zai ba ku mamaki, mafi yawan masu yin ta a can mace da namiji ne da ba sa son nauyin aure. Birtaniya ta yi dokarta a 2004. Shi kuwa auren jinsi kai tsaye, Holan ce ta fara halatta shi a 2001, Amurka kuma kotun ƙolinta ta halatta shi a duk jihohi a 2015. A Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu ta yi tata dokar a 2006.

Muhawarar a can ta rabu gida uku. Wasu sun ce rajistar sulhu ce: a ba da haƙƙi, a bar wa aure sunansa. Masu fafutukar auren jinsi suka ce a'a, suna daban yana nufin daraja daban. Masu adawa kuma suka ce ai rajistar matakala ce zuwa ga auren. Denmak ta koma ga auren a 2012, Faransa a 2013, Ingila a 2014. Italiya kuwa tana kan rajistar da ta kawo a 2016.

To mu dawo gida. A Najeriya dokar ba ta bar wannan muhawara ba ma. Dokar Haramta Auren Jinsi ta 2013, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, ta rufe ƙofofin biyu a tare. Wanda ya ƙulla auren jinsi ko rajistar zaman tare, ɗaurin shekara 14 ne. Wanda ya ɗaura, ya shaida ko ya taimaka, shekara 10. Takardar da aka samo daga wata ƙasa ba ta aiki a nan. Auren da dokar ta amince da shi shi ne na mace da namiji, ko a shari'ar Musulunci, ko a al'ada, ko a rajistar gwamnati. Ga kuma shari'ar Musulunci da Jihar Katsina ta ƙaddamar tun shekarar 2000.

Kun ga ke nan babu wanda zai shigo mana da wannan abu a ɓoye cikin wata takarda. Sai Majalisar Tarayya ta canza doka. Ku tuna hayaniyar Yarjejeniyar Samowa, wadda Najeriya ta sa wa hannu a ƙarshen Yunin 2024 tare da Tarayyar Turai. A farkon Yuli jaridar Daily Trust ta buga cewa akwai sharaɗin goyon bayan masu neman jinsi a ciki. Gari ya ɗauka, aka yi huɗubobi, aka yi tsinuwa. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ce babu wannan sharaɗi, daga baya jaridar da kanta ta nemi afuwa. Tambayata: cikin waɗanda suka tura labarin farko, mutum nawa ne suka tura na neman afuwar?

Nan ne fa inda abin yake shafarmu kai tsaye. Dokar ta fassara rajistar zaman tare da cewa shiri ne tsakanin mutum biyu jinsi ɗaya na su zauna tare a matsayin abokan kwanciya. Ɗalibai biyu da suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki kusa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura ba su shiga ciki ba. Abokai biyu da ke kwana a shago ɗaya ba su shiga ba. Yadda mutum yake tafiya ko magana ba hujja ba ce. A Afrilun 2017 an kama mutum 53 a Zariya bisa zargin halartar bikin auren jinsi, suka musanta a gaban kotu, aka ba da su beli. A Disambar 2022 Hisbar Kano ta kama mutum 19 kan irin wannan zargi. Duk lokacin da aka yi irin wannan kame, mu ne muke yanke hukunci a waya tun kafin alƙali ya zauna.

Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. A addini ma, littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya nuna cewa jifan mutum da luwaɗi ƙazafi ne mai haddi, kuma haddin ƙazafi bulala 80 ne. Wallahi hoto ɗaya da ka saka a Facebook ko WhatsApp zai iya raba yaro da makaranta, ya hana ƙannensa mata aure, ko ya tara masa gungun mutane da duwatsu. Magana zarar bunu ce. Kuma duk abin da ake zargin mutum da shi, duka da kisa a titi laifi ne a dokar ƙasa da ta Musulunci.

Don haka ɗan uwa, 'yar uwa, idan irin wannan labari ya shigo wayarki ko wayarka, a tambaya: wa ya faɗa, a ina, wace kotu? Idan babu amsa, a bar shi ya mutu a nan.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya tsare mana harsunanmu da yatsunmu. Wassalamu alaikum.