Yadda Aka Tura Jirgi Maras Matuƙi Cikin Tukunyar Fukushima

A ran 11 ga watan Maris na 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka auka wa tashar lantarki ta nukiliya da ke Fukushima a ƙasar Japan. Injunan sanyaya suka tsaya cik, makamashin da ke cikin tukwane uku ya narke. An ƙiyasta nauyin abin da ya narke ɗin, haɗe da tarkacen da ya cakuɗa da shi, ya kai tan 880. Ba shi yiwuwa a kwashe shi sai an san inda ya kwanta, ga shi kuwa tururin nukiliyar da ke wurin ba ya barin ɗan Adam ya kusata.

Kamfanin TEPCO, mai tashar, ya sha tura na'urori masu rarrafe da masu nutso cikin ruwa, amma galibi gindin ginin suka gani. Domin a duba abin da ke sama, sai a ƙarshen watan Fabrairu na 2024 aka shigar da ƙananan jirage marasa matuƙa, masu ɗauke da kyamara da fitila, cikin rumbun ƙarfen da ya kewaye tukunya ta ɗaya. Kowannensu nauyinsa giram 185 ne, faɗinsa bai fi na littafin makaranta ba.

Wanda ya saba ganin irin waɗannan jirage suna shawagi a wurin biki zai zaci aikin mai sauƙi ne. Ba haka abin yake ba. A fili, jirgin yana dogara ga tauraron ɗan Adam don ya san matsayinsa ya tsaya wuri guda. A cikin kankare da ƙarfe kuwa wannan saƙo ba ya shiga. Wasu jiragen suna da idon na'ura mai kallon ƙasa da ke taimaka musu su tsaya, to amma duhu da ƙura sukan makantar da shi.

Babbar wahalar ma daga jirgin kansa take fitowa. Farfelolinsa suna tura iska ƙasa, a ƙuntataccen wuri kuwa iskar ba ta da mafita, sai ta bugi bango ta komo ta girgiza shi. In ya matsa kusa da rufi, sai rufin ya zama kamar yana tsotsarsa sama; in ya yi ƙasa-ƙasa, sai ya tayar da ƙurar da za ta rufe wa kyamara ido. Don haka ne gwanayen aikin suke taɓa sandar tuƙi kaɗan-kaɗan, su matsa, su dakata, su duba, sa'an nan su ƙara gaba. Gaggawa tana ɓata hoto, kuma jirgi mai gudu ba ya iya tsayawa kafin ya kai ga bango. Duk da haka nawa ma ba ta da kyau, gama batirin ƙaramin jirgi 'yan mintoci kaɗan yake ɗauka. Tilas a tsara hanya tun kafin a tashi, har da ta komowa.

A Fukushima an haɗa jiragen da wata na'ura mai siffar maciji, wadda ke karɓar saƙon rediyo tana miƙawa ga matuƙan da ke nesa. Kashegarin tashin farko na'urar ta kasa isa inda ake so, aka dakatar da aikin, ba a koma ba sai tsakiyar watan Maris.

Hotunan da aka samo sun nuna wasu dunƙule-dunƙule rataye a ƙarƙashin tukunyar, kamar narkakken kyandir da ya daskare. Sai dai hoto kaɗai bai isa ya rarrabe ko makamashin ne ko kuwa kayan ƙarfen da suka narke ba, domin ba a ɗora wa jiragen ma'aunin tururi ba, gudun kada su yi nauyi.