Allurar kemo da rashin barci: abin da ke jiran matan Gurbin Bore bayan isha'i

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata 28,380 suka kamu da sankarar mama a Najeriya a 2020. A 2022 adadin ya haura 32,000. Yawan masu ciwon ya sa masu bin layin kemo, wato ruwan maganin ciwon daji da ake ɗaurawa, su ma sun ƙaru, har da matan garuruwa irin Gurbin Bore a ƙaramar hukumar Zurmi. Kafin a ɗaura wa mace ruwan farko akan yi mata bayanin amai da zubewar gashi, amma da wuya a taɓo maganar barci, alhali shi ke fara ƙaurace mata.

Wani bincike na Jami'ar Rochester a Amurka, da aka wallafa a 2010, ya bi marasa lafiya 823 da ke karɓar kemo. Mako guda bayan zagayen farko, kusan takwas cikin goma suna kukan barci, kashi 43 cikin ɗari kuwa matsalar ta kai matsayin cuta mai zaman kanta. Waɗannan fa mutane ne masu wutar lantarki da asibiti kusa.

Dalilin farko yana cikin maganin. Tare da doksorubisin, jan ruwan nan mai rina fitsari, akan ba da deksametazon don tare amai. Yana aikinsa, sai dai yana buɗe ido tarau, musamman idan an sha shi da yamma. Kemo kan ɗauke wa mace al'ada tun lokaci bai yi ba, sai zafi ya riƙa taso mata tsakar dare, zufa ta jiƙa zane. Wadda aka sa wa fakilitaksel kuma ga minjirya a tafin ƙafa da yatsu, wadda ta fi addaba idan gari ya yi tsit. Kasala ta kwantar da ita da rana, barcin ranar ya cinye na dare, gobe ta tashi da kasalar da ta fi ta jiya.

A ganina dalili na biyu ya fi nauyi a arewacin Zamfara. Ana yin allurar ne galibi duk bayan kwana 21, kuma ba a Gurbin Bore ake yi ba. Ko dai a bi ta Zurmi da Ƙaura Namoda a gangara Gusau, ko a bi ta Jibiya zuwa Katsina, in an kai ga gasa ciwon da na'ura ma har asibitin Sakkwato ko na Shika. Hanyoyin nan ba a bin su da dare saboda 'yan bindiga, don haka daren jajibirin tafiya na fargaba ne, na bayansa kuma a tabarmar dangi ko barandar asibiti. Ta dawo gida, ɗaki ya ɗau zafin Afrilu, rufe ƙofa dole, kunne yana waje yana sauraron ƙarar babura. Ga lissafin kuɗin zagaye na gaba: akuya ta tafi, saura me? Da asuba kuma yara na jiran koko.

Jikin da bai samu barci ba ya fi jin zogi, tashin zuciya ya fi kama shi, abinci ba ya shiga, zuciya ta karaya. Daga nan mace za ta ce, “Wannan ruwan kashe ni zai yi,” dangi su ce a gwada na gida. Kemon da aka yanke a zagaye na uku kuwa an sha wahalarsa, an yi asarar mafi yawan amfaninsa. Wasu kan aika kemis a sayo musu diyazefam. Yana kwantarwa na 'yan kwanaki, sannan jiki ya saba, ya bar jiri da faɗuwa. Mafi haɗari shi ne a ɗauki zufar dare da rawar sanyi a matsayin rashin barci kawai ko zazzaɓin cizon sauro. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura garkuwar jiki kan faɗi ƙasa sosai, kuma zazzaɓin da ya kai maki 38 a lokacin na gaggawa ne, ba ya jiran wayewar gari.

Tsaron hanya da tsadar magani sun fi ƙarfin gida ɗaya, amma barci yana da gyara mai araha. Likita na iya mayar da deksametazon zuwa safiya da rana, ya ba da maganin zogi mai kai wa asuba. A gida a fito da ita ta sha hantsi, ta ɗan taka a tsakar gida, barcin rana kada ya wuce rabin awa, a ajiye shayi da goro bayan la'asar, a ɗaura gidan sauro. Kishiya ko ƙanwa ta karɓi girkin safe a makon allura, maigida ya rage masu shigowa dubiya da dare.

Ma'aikatan jinya na Gusau, Katsina da Sakkwato, don Allah kafin ku ɗaura ruwa ku tambaye ta, “Baiwar Allah, kina samun barci kuwa?” Ku rubuta amsar a katinta kamar yadda kuke rubuta awon jini.