Tsakanin Barru da Baharu

Duk wanda ya taɓa kwana a Babban Duhu, can ƙasar Safana ba nisa da Dajin Rugu, a daren da ruwan farko ya sauka, ya san yadda kududdufin da jiya yara ke guje-guje a cikinsa kan cika da kukan kwaɗi kafin asuba, har mutum ya yi ta al'ajabin inda waɗannan bayin Allah suka fake tun kaka. A ƙarƙashin ƙasa suke, suna jiran rahama.

Bahaushe ya kasa dabbobi gida biyu, na ruwa da na tudu, ya kuma raɗa wa kowace sunanta, ga kwaɗo, ga burduddugi, ga kada, amma lafazi guda da zai tattara masu zaman gidajen biyu bai ƙaga ba, watakila don bukatarsa ba ta kama shi ba. Turawa sun aro nasu daga Yunananci, amfibiya, wato mai rayuwa biyu, Larabawan zamani kuwa suka narka barru da ma'u, wato tudu da ruwa, suka fitar da barma'i. Shi kansa lafazin Turawan bai zauna wuri ɗaya ba, domin a 1758 Linnaeus ya cusa macizai da ƙadangaru a ƙarƙashinsa, sai daga baya masana suka taƙaita shi ga irin su kwaɗo, wanda ke fara rayuwa talibambam mai wutsiya, yana shaƙa kamar kifi, kana ya yi huhu da ƙafafu ya hau tudu. Bisa wannan ƙa'ida kada ya fita, tun da a tudu ake ƙyanƙyasarsa.

A ganina malamanmu na zaure sun riga kowa fuskantar mas'alar, ko da yake ta wata ƙofa suka shiga, wato ƙofar tsarki. Shehu Halilu, a cikin Muhtasar, ya hukunta cewa mushen dabbar ruwa mai tsarki ne ko da zamanta a tudu ya yi tsawo, masu sharhi kuma suka buga misali da kada da kwaɗon ruwa da kunkurun ruwa. Ashe kadan da masana halittu suka kora, fiƙihu ya riƙe shi, domin tambayar da ake kawo wa malami ita ce ta uwargidan da ta buɗe randa da asuba ta tarar da kwaɗo ya mutu a ciki, ga shi kuwa maigida yana jiran ruwan alwala.