Ƙaramin Inji da Tsimin Mai: Abin da Ya Kamata Mu Sani

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, tambayar farko da mai sayen mota ke yi ita ce, "Fulogi nawa ce?" Mai fulogi shida ta rage masoya, kowa na neman mai huɗu. Kamfanonin ƙera motoci sun daɗe da shiga wannan lissafi, domin dokokin rage hayaƙi a Turai sun tilasta musu gwada rage girman inji ba tare da mota ta rasa ƙarfi ba.

Babban inji yana shan mai ko da ba a buƙatar ƙarfinsa. A cikin cunkoson gari, direba ɗan taɓa totur kawai yake yi, amma manyan fistan suna ta hawa da sauka, suna goga, suna wahalar zuƙo iska ta ƙofar totur da aka kusa rufewa. Ƙaramin inji ba ya wannan asarar sosai. Matsalarsa ita ce hawan tudu da wuce babbar mota, kuma a nan ne tobo ke shigowa. Tobo wata ƙaramar fanka ce da hayaƙin da ke fita zuwa salansa yake juyawa, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin inji, sai ya ƙona mai da yawa a lokacin da ake so, ya ba da ƙarfi irin na babba.

Volkswagen ya fito da injinsa na TSI mai lita 1.4 a 2005. A 2012 Ford ya sa inji mai lita ɗaya da silinda uku a motar Focus, ya kira shi EcoBoost. Hatta tseren Formula 1 ya koma inji mai lita 1.6 da tobo a 2014. Mazda kuwa ya ƙi bin ayari, ya riƙe inji matsakaici ya gyara yadda yake ƙona mai, kuma yana da hujja.

Hujjar ita ce tsimin yana da sharaɗi. Idan aka danne totur, ko aka cika mota da fasinja da buhuna kamar yadda muke yi a tashoshinmu, tobo ba ya hutawa, injin ya yi zafi, kwamfutar motar ta ƙara masa mai don ya huce. A nan ribar take zubewa.

Motoci masu ƙaramin inji da tobo suna shigo mana cikin na hannu, don haka sai mu kula. Tobo yana juyawa da matuƙar gudu cikin zafi, ba ya jure baƙin mai na awo da ake sayarwa a bakin titi. Mu sa irin man da littafin motar ya faɗa, mu yi juye a kan lokaci. A injin Ford mai lita ɗaya na farko-farko, bel ɗin taimin a cikin baƙin mai yake wanka. Man da bai dace ba yakan cinye shi, ɓurɓushinsa ya toshe hanyar mai. Kada mu yarda makanike ya cire tamostat da sunan ƙasarmu akwai zafi, domin injin da bai kai zafin aikinsa ba ya fi shan mai. Bayan doguwar tafiya, a bar inji ya yi aiki na ɗan lokaci kafin a kashe. Wanda kuma sana'arsa lodi ce a hanyar Kano zuwa Legas, matsakaicin inji marar tobo ya fi masa sauƙin gyara da samun kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa.