Ƙarfe mai kamar katako: yadda ake maido wa tsohuwar mota kyanta

Duk wanda ya bi hanyar Garhanga zuwa Keita a shekarun 1980 ya san Peugeot 404 bashe, motar da Faransa ta fara ƙerawa a 1967. Yawancinsu sun tafi hannun ƴan gwangwan. Alhali a Turai da Amurka irin waɗannan tsofaffin motoci dukiya ce, har akwai masu sana'ar farfaɗo da su.

Cikin aikin nasu, babu mai wuya kamar zanen katako. A shekarun 1930, kamfanoni kamar Ford suna yin allon gaban direba da ƙarfe, su yi masa fenti sai ka rantse itace ne. Mai gyara yakan kankare tsatsa ƙal, ya shafa fenti mai haske ya bushe. Sannan ya bi da ruwan ƙasa mai duhu, tun yana ɗanye ya ja shi da matsefin roba har jijiyoyin katako su fito. Daga ƙarshe sai barni mai sheƙi.

A Adar wannan hikima tana da ma'ana, domin itace ya yi tsada ƙwarai: Furoje Keita, wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa daga 1984, sai da ya dasa miliyoyin itatuwa don ceto ƙasa.

Sai dai mai saye ya lura. Fentin da aka ɗora bisa tsatsa, zafin bazara ɗaya kan tona asirinsa.